Ɗan tsakon da ya kasa tsayuwa

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraro, wannan filinmu ne na noma da kiwo. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ke cikin gida da rediyo a gefen murhu, domin in za a faɗi gaskiya su ne masu kajin ƙasar nan, ko da maigida ne ke kai su kasuwa.

Yau zancenmu a kan ɗan tsako ne, wanda ya fito daga ƙwai da matsala a ƙafa. Ƴan uwansa sun bushe, sun miƙe, sun fara tsattsagar ƙasa, shi kuwa yana nan a baje, ƙirji a ƙasa, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, yana ta fafutuka a wuri guda. Ko kuma wanda yatsunsa suka dunƙule, yana takawa da bayan ƙafa. Abin da aka saba yi da irin wannan ba ɓoyayye ba ne. Sai a ce ai gurgu ne, haka ya zo. A bar shi a lungu har ƴan uwansa su tattake shi, ko a miƙa wa yara su yi wasa da shi. To, da yawa daga cikinsu suna gyaruwa, kuma kayan gyaran bai wuce filasta da almakashi da guntun kwali ba. Sai dai lokacin gajere ne ƙwarai.

Ga dalili. A kwanakin farko ƙashin ɗan tsako bai ƙosa ba, galibinsa guringuntsi ne mai laushi, jijiyoyin ma ba su yi ƙwari ba. Duk yadda ƙafar ta zauna a waɗannan kwanaki, haka za ta sandare. In ta zauna a tale, a tale za ta ƙosa. In kuwa aka mayar da ita ƙarƙashin jikinsa aka riƙe ta a nan, a nan za ta ƙosa. Wanda ya fara gyara a ranar farko ko ta biyu, yana da kyakkyawan zaton nasara. Wanda ya ce bari mu ga abin da Allah zai yi zuwa mako mai zuwa, sau da yawa ya makara. Tawakkali gaskiya ne, amma ana ɗaure raƙumi tukuna.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki ɗan tsakon a tafin hannu a dube shi da kyau a wuri mai haske, domin gurguntar iri-iri ce, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. Mu fara da wadda ta fi yawa, wato talewar ƙafa.

Ɗan tsako mai talewar ƙafa lafiyarsa ƙalau. Idonsa tar, yana kuka da ƙarfi, in ka sa masa abinci a gabansa zai ci. Gwiwarsa ba ta kumbura ba. In ka haɗa ƙafafun da yatsunka za su dawo daidai ba gardama, in ka saki su sake bajewa. Abin da ya fi jawo wannan shi ne santsi. Ɗan tsakon da bai jima da fitowa ba yana neman abin da zai kafa farcensa ya tura jikinsa sama. In ƙasan da aka ajiye shi mai sulɓi ne, duk yunƙurin da ya yi sai ƙafar ta zame gefe, ya sake yunƙurawa ta sake zamewa, kafin wuni guda kwatangwalon ya saba da haka.

Ina so masu kiwo su lura da wani abu. Da wuya ka ga wannan matsala a ƴan tsakin da kaza ta ƙyanƙyashe a akurki, a kan ƙasa da ciyawa da ƙaiƙayi. An fi ganinta a hannunmu mu ƴan zamani, masu injin ƙyanƙyasa da masu sayen ƴan kwana ɗaya. Mun kawo su gida, muna son tsafta, sai mu shimfiɗa musu jarida. Ko mu zuba su a bahon roba, ko a kan tayil, ko buhun taki, ko leda, ko kwali mai sheƙi. A idonmu wurin ya yi fes, amma ƙafarsu ba ta samun abin kamawa. Jarida ce ta fi kowanne yaudara, don kowa na ganin ita ce shimfiɗar da ta dace. In ma dole sai an yi amfani da ita, to ta zauna a ƙasa, a ɗora wani abu mai kaushi a kanta.

Me ya dace? Buhun algarara wankakke, ko tsohon tawul wanda zarensa bai warware ba, don zare kan naɗe yatsa. Ɓuntun shinkafa yana da kyau, haka ma sassaƙen katako busasshe. Garin katako mai laushi kuwa a yi hattara da shi, domin ƴan tsaki kan ɗauka abinci ne su cika ciki da shi. Shi ya sa ake rufe shimfiɗar da buhu ko tawul na kwana 2 zuwa 3, har su gane inda abincinsu yake, sannan a yaye. Masu injin ƙyanƙyasa su ma su shimfiɗa ƙyalle mai kaushi a faifan da ƴan tsakin ke faɗowa, don da yawa tun a cikin injin suke talewa. Masu ƙyanƙyasar zabi kuwa su ninka kulawa. Ɗan zabo ya fi ɗan tsako ƙanƙanta, ƙafarsa ta fi siranta, kuma ya fi saurin talewa. Haka ƴaƴan talo-talo da na salwa.

To, an riga an samu wanda ya tale. Yaya za a yi?

Dabaibayi za a yi masa, irin wanda ake yi wa jaki, sai dai na jaki don a hana shi nisa ne, na ɗan tsako kuwa don a koya masa tsayuwa. A samo filasta irin ta ɗaure ciwo, a yanka ta siririya, tsawonta kamar ɗan yatsa da rabi, faɗinta kamar rabin farce. A sami mutum biyu in da hali, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaura. A naɗa gefe ɗaya a ƙwaurin ƙafar dama, wato tsakanin gwiwa da yatsu, inda babu gashi. A naɗa ɗaya gefen a ƙwaurin hagu, daidai wurin. Tsakiyar filastar ita ce igiyar da ta haɗa ƙafafun biyu, sai a manne ta da kanta don kada ta riƙa kwasar datti. Kada a ɗaura a saman gwiwa, a ƙasanta ake yi.

Tazarar da za a bari tsakanin ƙafafun ita ce ruhin aikin. A dubi ɗan uwansa mai lafiya yadda yake tsaye, a kwaikwayi wannan. A ɗan tsakon kaza abin bai wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba, kusan faɗin yatsu biyu. Na zabo bai kai haka ba. In tazarar ta yi yawa ba a yi komai ba. In ta yi kaɗan zai riƙa kifewa ta baki. Ana so ƙafafun su zauna a ƙarƙashin jikinsa, kuma ya iya ɗan jefa taku gajere.

Wanda ba shi da filasta, akwai wata dabara. A samo ƴar ƙaramar robar ɗaure gashi mai laushi, a yanko guntun bututun shan lemo daidai tazarar da ake so, a zura robar ta cikinsa, kunne ɗaya ya leƙo ta nan, ɗaya ta can. Kowace ƙafa ta shiga kunne ɗaya. Bututun ya hana ƙafafun haɗewa, robar ta hana su bajewa. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne ɗauri da zaren ɗinki ko zaren buhu ko waya. Suna yanka fata, suna tsayar da jini, a wayi gari ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. An je gyaran gira an tsone ido.

Da zarar an ɗaura, zai yi bore. Zai faɗi, ya birkice, ya yi ta tsiwa kamar ana yanka shi. Kada tausayi ya sa a kwance. A tsayar da shi a kan tawul, a tallafe shi da yatsu na minti ɗaya ko biyu har ya ji nauyinsa a kan ƙafafun, a saki. A maimaita haka sau da dama a wuni. Yawancinsu kafin yamma sun fara tsayuwa, washegari sun fara tsalle-tsalle da dabaibayin. In akwai wanda ya ƙi tsayuwa sam, a sa shi a ƙaramin kofin shayi da aka shimfiɗa wa ƙyalle, yadda bangon kofin zai tallafe shi ƙafafunsa na ƙasa, kansa na leƙowa. Ya yi awa ɗaya ko biyu a ciki, a kusa da ɗumi, a fito da shi ya ci ya sha ya motsa, a mayar.

Kowace safiya a kwance ɗaurin a duba. Ɗan tsako girma yake kullum, filastar da ta yi daidai jiya yau ta matse. A taɓa yatsun, in sun yi sanyi ko sun kumbura ko launinsu ya sauya, ɗaurin ya yi tsanani. A ajiye shi ba dabaibayi a ga tafiyarsa. In ƙafar ta fara zamewa, a sake sabon ɗauri. Galibi kwana 2 zuwa 4 sun isa. Wani yakan kai mako. In an ga filastar ta kama fata, a ɗiga mata man gyaɗa, za ta saki ba tare da an ja ba.

A nan ne kuma ake asarar da yawa, ba ta wajen ƙafar ba, ta wajen ci da sha. Ɗan tsako yana fitowa da guzurinsa, domin dab da ƙyanƙyasa yakan janye sauran gwaiduwar ƙwai zuwa cikinsa, ita ke riƙe shi har kwana 2 zuwa 3. Wannan guzuri shi ke ruɗin mutane. Sai a ga gurgun yana ta kuka da ƙarfinsa a ɗauka yana ci, alhali bai taɓa kai wa ga abinci ba. Ranar da gwaiduwar ta ƙare sai a tarar da shi a sanƙare. Saboda haka a keɓe shi a ɗan kwali, a cikin ɗakin renon don ya sami ɗumi, abinci da ruwa a dab da bakinsa. Kada a bar shi shi kaɗai, domin ɗan tsako ba ya jure kaɗaici, zai yi ta kuka ya ƙi ci. A haɗa shi da ɗaya ko biyu daga cikin ƙanana marasa fitina, yana ganin suna tsattsaga shi ma zai kwaikwaya.

Ruwan shansa ya zama a abu marar zurfi, kamar murfin kwalba mai faɗi, a zuba tsakuwa wankakku a ciki. Mai dabaibayi in ya faɗa ruwa ba ya iya fita, kuma ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba ya isa ya kashe shi. In ba ya sha da kansa, a tsoma ƙarshen bakinsa a ruwan a ɗago, zai haɗiya. Kada a buɗe bakinsa a ɗura masa, ruwan kan bi hanyar numfashi ya shaƙe shi nan take.

Ɗumi kuwa, a makon farko ana son ma'aunin zafi ya nuna digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke kwance, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Masu lafiya su ke gaya maka halin da ake ciki: in sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Amma gurgu ba ya iya gudu. Inda ka ajiye shi nan zai zauna, ko ya gasu ko ya daskare. Kai ne za ka zaɓa masa wuri, ba dab da wuta ba, ba can nesa ba. Masu ɗumama ɗaki da gawayi kuma su bar kafar iska, su bari gawayin ya ruru a waje kafin a shigo da shi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin noma da kiwo, muna magana a kan ƴan tsakin da ke fitowa da matsalar ƙafa.

Sai dunƙulewar yatsu. Wannan takalmi ake yi masa. A yanko kwali marar kauri daidai faɗin tafin ƙafarsa. A ɗora ƙafar a kai, a miƙe yatsun a hankali, uku gaba a ware, ɗaya baya, yadda na ɗan uwansa suke. A bi kowanne da siririyar filasta a manne shi da kwalin. A manna wata filastar a ƙasan takalmin don kada shi ma ya zama abin santsi, a gyara yatsu a jawo talewa. Kwana 2 zuwa 3 a cire a duba. Wanda aka yi wa a ranar da ya fito, sau da yawa kwana ɗaya ma ya ishe shi. In yatsa ɗaya ne kawai ya karkace kuma yana tafiyarsa, ko an bar shi zai rayu ya yi ƙiba, kyan gani ne kawai ya rasa.

Amma a nan akwai tambayar da ta fi takalmin muhimmanci. Guda nawa ne suka fito haka? In ɗaya ne cikin 30, tsautsayi ne. In biyar ne ko goma, to akwai abin da ya faru da ƙwan, kuma wajibi ne a binciko shi, in ba haka ba ƙyanƙyasa ta gaba ma haka za ta zo.

A fara da injin. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, na talo-talo 28. A injin da ke da fanka ana son zafi ya tsaya a digiri 37.5 zuwa 37.8, kada ya yi ta hawa da sauka. In zafi ya yi yawa sukan fito da wuri, ƙanana, cibiya ba ta rufe ba, ƙafafu ba ƙarfi. In ya yi ƙasa sukan makara, su fito a galabaice da karkatattun yatsu. Mu kuwa ga ɗauke wuta, ga zafin bazara da ke sa ɗakin kansa ya zarce abin da ƙwai ke so, ga sanyin asubar hunturu. Kada a dogara da lambar da injin ke nunawa kaɗai. A sayi ma'aunin zafi na daban a ajiye a daidai tsayin ƙwan, a gwada su biyun. Danshi ma haka: kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farkon ƙwan kaza, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana 3 na ƙarshe. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, in ba a ƙara ruwa a faifan ba tantanin cikin ƙwai yakan bushe ya manne wa ɗan tsako, ya daɗe a dunƙule yana fama, ya fito yatsu a murɗe. A riƙa juya ƙwai aƙalla sau 3 a wuni, na kaza a daina a rana ta 18.

Akwai kuma ɗabi'ar nan tamu ta leƙe. An ji kukan farko, sai kowa a gidan ya zo, a buɗe injin a gani, a rufe, maƙwabci ya shigo a sake buɗewa a nuna masa. Duk buɗewa danshin ke fita. Daga lokacin da ɗan tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yakan ɗauki awa 12 har zuwa 24, hutawa yake yana janye gwaiduwa. Wanda ya yi gaggawar ɓare masa ɓawo, jini zai gani.

In injin lafiya lau yake, ko kuma kaza ce ta yi kwanci, sai a koma ga abincin uwar. Duk abin da ɗan tsako zai gina jikinsa da shi a kwana 21, uwar ce ta zuba shi a ƙwan. Abin da ba ta ci ba, ba za ta zuba ba. Akwai bitamin B2, rashinsa ne ke sa yatsu su naɗe ciki, ɗan tsako ya riƙa zama a kan gwiwoyinsa. Masara da dawa da gero ba su da shi da yawa. Ana samunsa a nono da madara, da yis, da hanta, da ƙwai, da ɗanyen ganye irin su zogale da alayyafo. Kazar da ke yawo da damina tana cin ƙwari da tsutsa da ɗanyar ciyawa, ita ke haɗa wa kanta abinci. Amma wadda aka kulle ana watsa mata tsabar dawa kawai, ko wadda ke yawo da rani a tsakar gida ba ko ganye, ƙwanta zai yi kyau a ido, cikinsa da saura. Wanda ke son tara ƙwan ƙyanƙyasa ya gyara abincin kajinsa da zakaransa tun makonni kafin ya fara tarawa. Ƙwan kuma kada ya wuce mako guda a ajiye, a wuri mai sanyi, tsininsa na kallon ƙasa.

Su kuma ƴan tsakin da suka riga suka fito, a sa musu bitamin na kaji a ruwan sha, irin wanda ake samu a shagon magungunan dabbobi, a duba a tabbata akwai B2 a ciki, a bi awon da aka rubuta. A dama sabo kullum, kuma kada a ajiye shi a rana, domin haske na lalata wannan bitamin. Dafaffiyar gwaiduwa da aka murtsuke tana taimaka wa mai rauni. In rashin B2 ne kuma an tare shi da wuri, cikin ƴan kwanaki za a ga canji. In ya daɗe jijiyar ta lalace, bitamin ba ya dawo da ita. Abin da ba ya magani ko kaɗan shi ne kafson nan da ake farkewa a zuba a ruwa duk lokacin da kaza ta yi wani iri. Maganin ƙwayoyin cuta ne, ita kuwa talewa da dunƙulewa ba ƙwayar cuta ke kawo su ba. Asarar kuɗi ce, kuma ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai a tarar ya daina ci.

Iri na uku shi ne mai wuyar. A bayan gwiwar kaza akwai agara, tana bi ta wani ɗan kwari a ƙashin. Wani lokaci takan goce daga kwarin ta koma gefe. Alamarsa, ƙafa ɗaya ce galibi, gwiwar ta kumbura ta yi faɗi, ƙafar ta juya waje, ba ya iya miƙe ta, in ka taɓa ya yi ƙara. Dabaibayi ba ya gyara wannan, ƙara masa azaba yake. Ƙarancin sinadarin manganis da wasu bitamin a abinci na jawo shi, rauni ma na jawo shi. In sabo ne, mai hannu yakan miƙe ƙafar baya a hankali ya mirgina agarar da babban yatsa ta koma gurbinta, ya naɗe gwiwar. Amma tana yawan sake gocewa, kuma ni shawarata a kai wa malamin dabbobi. In kuwa ƙashin ne kansa ya murɗe, har tafin ƙafar na kallon gefe ko baya, wannan ba shi da gyara a gida.

Akwai gurguntar da ba da ita aka fito ba, daga baya take zuwa, kada a haɗa su. Ƴan mako 2 zuwa 3 da suka fara yawan zama, baki ya yi laushi har yana lanƙwasuwa, ƙashinsu ne bai sami sinadaran gina shi da bitamin D ba. A gyara abinci, a bar su su sha hantsi. Kada dai a ce za a ba su abincin kaji masu ƙwai don ƙashi ya yi ƙarfi. Sinadarin ƙashin da ke cikinsa ya ninka abin da ɗan tsako ke buƙata sau 3 zuwa 4, ƙodarsa yake lalatawa. Wanda ya haura wata guda ka gan shi ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a yi zargin cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai wannan suna ya fara bayaninta a 1907. Ba ta da magani, rigakafinta tun ranar farko ake yi a gidan ƙyanƙyasa, shi ya sa ya kamata mai saye ya tambaya ko an yi. In kuwa da yawa ne suka zube lokaci guda, ga murɗewar wuya, ga koren zawo, ga wahalar numfashi, to annoba ce irin ta Niyukasil. A ware marasa lafiya, a kira ma'aikacin dabbobi ranar. Rigakafinta ana yin sa a ƙasar nan, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

Masu sayen ƴan kwana ɗaya, kalma ɗaya gare ku. Da yawan ƴan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, tafiyar kusan kilomita 1000 kafin su iso Kano, a cikin kwali mai cin 50. A buɗe kwalin a gaban mai sayarwa. A ɗan ƙwanƙwasa gefensa, mai lafiya zai zabura. A duba ƙafafu, su zama a cike suna sheƙi, ba a bushe ba. A duba cibiya. Wanda aka gani a kwance a nuna shi tun a wurin, domin in an kai gida magana ta ƙare.

Saura magana mai nauyi. Ba duka ne ke warkewa ba. An yi dabaibayi mako guda ba canji, ko gwiwa ta fashe ta zama gyambo, ko ba ya iya kai kansa ga ruwa, ƴan uwansa sun ninka shi girma shi yana ƙara ramewa. Barin irin wannan ba tausayi ba ne. Musamman ɗan burola, wanda cikin mako 6 zuwa 8 jikinsa zai yi nauyin da ko mai ƙafa biyu lafiyayyu da ƙyar yake ɗauka. A yanka shi da wuƙa mai kaifi, cikin sauri, a binne. Kada a jefa shi bola da ransa don tururuwa su ƙarasa shi, kada a bai wa yara su ja shi da zare. Addini ya hana azabtar da dabba, kuma bai ware ƙarama ba. Yaran da suka taya riƙo da ɗauri kuwa, a sa su wanke hannu da sabulu, domin ƴan tsaki kan ɗauko ƙwayoyin da ke sa mutum zawo.

Wanda ya warke fa, ana tambaya, ya halatta a ci, ƙwansa lafiya? Lafiya ƙalau, ba abin da ya sami namansa ko ƙwansa. Amma wajen barin iri a bambance. Wanda santsi ya tale, aka gyara ya miƙe, ba abin da zai gadar wa ƴaƴansa. Wanda kuwa ya fito da karkatattun yatsu ko murɗaɗɗiyar ƙafa alhali shimfiɗa da inji da abinci duk daidai suke, a ɗaura masa ɗan ƙyalle a san shi, in ya girma a yi miya da shi ko a kai shi kasuwa, kada ya zama zakaran gida. A gidaje da yawa zakara ɗaya ne shekara da shekaru, yana bin ƴaƴansa, yana bin jikokinsa, har a fara ganin nakasa iri ɗaya tana maimaituwa a kowace ƙyanƙyasa. Duk shekara a sauya shi. A yi musaya da wani daga wata unguwa ko wani ƙauye, ba maƙwabcin da kajinku ke kiwo tare ba, don nasa da naka jini ɗaya ne.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga renon ƴaƴan zabi da damina.

(Kiɗan rufe shiri)